Birkin Rim ko Birkin Faifai: Wanne Ya Dace da Keken Tsallen Duwatsu?

Sharhinmu na yau a kan keke ne, amma ba keken zuwa gona ko kasuwa ba. Za mu tattauna a kan wani wasa da ake kira tirayal, da wata muhawara da ta daɗe tana kai komo tsakanin masu yin sa: wane birki ya fi dacewa da kekensu, mai kama rim ko mai kama faifai?

Da yawa daga cikin matasanmu sun taɓa ganin wasan nan a waya, ko da ba su san sunansa ba. Za ka ga mutum a kan wani guntun keke, galibi ko sirdi babu, ya ɗaga tayar gaba sama, ya tsaya cak a kan tayar baya, sai ya yi wuf ya tashi daga wannan dutse ya dira a kan wancan. Daga nan ya hau gungumen itace, ya bi ta kan bututun siminti, ya sauko daga katanga. Ba tsere ake yi ba, ba kuma wanda ke tambayar wa ya riga isa. Ƙafar mahayi alƙalai suke kallo. Ya sa ta a ƙasa, an rubuta masa laifi. Laifi ya kai 5, ya gama da wannan sashe na filin.

Asalin wasan daga yankin Kataloniya ne na ƙasar Sifaniya. Tun da farko da babur ake yin irinsa, kafin wani gwanin babur mai aiki da kamfanin Montesa, Pere Pi, ya ƙera ɗan ƙaramin keke domin ɗansa Ot Pi ya riƙa koyon dabarun. Yaron ya girma ya zama zakaran duniya ba sau ɗaya ba, uban kuma ya kafa kamfanin kekuna na Monty a farkon shekarun 1980. Yau hukumar wasannin keke ta duniya, UCI, tana shirya gasar duniya a kansa, inda maza ke fafatawa a rukuni biyu: masu taya inci 20 da masu taya inci 26. An ga zakaru irin su Benito Ros na Sifaniya a ƙaramar taya, da Kenny Belaey na Beljiyam, da Gilles Coustellier na Faransa, da Jack Carthy na Ingila a babbar taya. A wajen gasa kuma akwai masu yin wasan a titunan birni, waɗanda suka fi son taya inci 24. Ka riƙe waɗannan lambobi uku, mai sauraro, domin kusan rabin amsar tambayarmu tana cikinsu.

Wani zai ce, ai maganar birki an gama ta tuntuni. Yana da hujja. Kekunan hawan tsaunuka sun koma birkin faifai tun shekaru da dama. Masu tseren kwalta sun daɗe suna jan ƙafa, amma a 2018 hukumar UCI ta amince musu da shi, kuma yanzu da wuya ka ga birkin rim a manyan gasanni irin Tour de France. Dalilin a fili yake. Wanda ya gangaro daga tsauni da gudu cikin ruwan sama yana bukatar birkin da ba ya gajiya da zafi, ba ya kuma damuwa da jiƙewa. To amma ka je filin gasar tirayal ka duba kekunan inci 26. Za ka tarar da birkin rim a tayar baya, da yawansu har da ta gaba. Waɗannan mutane ba talauci ne ya hana su sayen faifai ba, ba kuma riƙon tsohuwar al'ada ba ne. Aikin da suke sa birki ne ya sha bamban da na kowa.

Mai keken titi yana jan birki domin ya rage gudu. Ɗan tirayal kuwa ba shi da gudun da zai rage. Shi dai so yake taya ta ƙulle, ta daskare, ko gezau kada ta yi. Ka ɗauka ga shi nan tsaye a kan tayar baya a bakin wani dutse. Nauyinsa duka, da na keken, yana kan ɗan tafin robar da ke taɓa dutsen. Ƙafarsa tana danne da feda, sarƙa a miƙe take tana son juya taya. Abin da ya hana tayar juyawa yatsa ɗaya ne a kan hannun birki. Idan zai yi tsalle sai ya saki birkin na ƙiftawar ido, ya shuri feda, keken ya tashi, kafin ya dira ya sake damƙe shi. Idan birkin ya zame a lokacin da yake tsaye, tayar za ta sulale ta gaba, ta bar shi ya faɗi rigingine, baya da ƙeya a kan dutse. Idan kuma tsallen bai kai ba, tayar ta sauka a gefen bakin dutse, to nauyin keken zai riƙa jan ta ta juya da baya. Wannan juyawa da baya, ku lura, yawancin birkunan duniya ba don ita aka ƙera su ba. A nan wasan kuwa kullum ana cikinta.

Saboda haka idan masu wasan suka zauna hirar birki, abu uku suke aunawa. Akwai cizo, wato yadda birki ke cafke taya nan take da an taɓa shi. Akwai riƙo, wato ko zai ci gaba da riƙe ta idan nauyi ya faɗo mata daga gaba ko daga baya. Akwai kuma lallaɓawa, wato ka iya ja kaɗan taya ta rage juyawa ba tare da ta ƙulle ba. Birkin rim sarki ne a cizo da riƙo. Birkin faifai shi ke da lallaɓawa. Samun duka ukun a cike a birki ɗaya, shi ne abin da har yau bai samu ba.

Bari mu fara da na rim. Wanda ya mamaye wannan fage na kamfanin Magura ne na Jamus, da ke garin Bad Urach, kamfanin da aka kafa tun 1893. A 1987 suka fito da birkin rim mai aiki da mai maimakon waya, daga baya samfurinsu mai suna HS33 ya zama abin da kusan kowane ɗan tirayal ya sani. Ka ja hannun birki, mai ya bi ta siririn tiyo, ya tura robobi biyu su matse rim daga hagu da dama, kai tsaye. Har ta kai masu ƙera keken tirayal suna yi wa firam, wato gangar jikin keken, mazauni na musamman mai noti 4 domin wannan birki. Wasu kamfanonin kayan tirayal su ma suna yin irinsa yanzu, kuma akwai mahaya da suka fi son mai waya saboda rashin nauyi, amma tsarin aikin ɗaya ne.

Ƙarfinsa daga ina yake? Daga wurin da yake kamawa. Rim ɗin taya inci 26 faɗinsa daga gefe zuwa gefe milimita 559 ne. Faifan birki kuwa da aka saba sawa a irin wannan taya milimita 180 ne, ko 203 idan an so babba. Kun ga ke nan mai kama rim yana riƙe taya ne daga can bakinta, kusa da inda take taɓa ƙasa, shi kuwa mai kama faifai yana riƙe ta ne daga kusa da cibiya. Domin faifai mai milimita 180 ya yi riƙon da rim ya yi, sai ya yi gugar da ta ninka ta rim kusan sau 3. Injiniyoyi sun iya samar da wannan ƙarfi, ba a nan gizo ke saƙar ba. Inda yake saƙar shi ne hanyar da ƙarfin zai bi kafin ya isa ƙasa, kuma za mu dawo kanta.

Sai dai birkin rim yadda ya fito daga kwali bai ishi ɗan tirayal ba. Sai an yi masa aiki, kuma aikin zai ba mai gyaran keke na gari mamaki. Da farko ana cire taya, a ɗauko injin gurza ƙarfe irin na masu walda, a bi gefen rim da shi a hankali, a kakkarta shi har ya yi kaushi. Yadda ake sassara dutsen niƙa idan ya yi sulɓi domin ya sake cin tsaba, haka ake yi wa rim domin ya ci roba. Akwai mai son gurza mai zurfi, akwai mai son marar zurfi, kuma kowanne da irin robar da ta dace da shi. Robobin ma ba irin baƙaƙen nan na shago ba ne. Ana zuba su ne da wani haɗi na musamman, wasu masu taushi don rim mai sulɓi, wasu masu tauri don rim da aka gurza, a ɗora su a kan mazaunin alminiyam domin kada su lanƙwashe. Wajen ɗaurawa kuma sai an daidaita su sun kwanta sak a jikin rim, su biyun su taɓa a lokaci guda. Sannan a ƙara wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke haɗa ɓangarorin biyu, domin idan aka matsa birki da ƙarfi firam ɗin kan buɗe kaɗan, ƙarfin yatsa ya tafi a banza. Idan duk wannan ya haɗu, yatsa ɗaya ya isa ya ƙulle taya ƙam.

Akwai wasu dabaru biyu da suka yaɗu a tsakaninsu. Ta farko shafa kwalta. Wanda ba ya son gurza rim sai ya ɗan goga busasshiyar kwalta a gefensa, roba ta riƙa mannewa. A bushe tana aiki, amma da ruwa ya taɓa ta sai ta koma santsi, wani lokaci kuma robar ta manne ta ƙi saki a daidai lokacin da mahayi ke son tashi. Ni dai ba na ba kowa shawarar ta, balle a ƙasa mai zafin rana da ƙura, inda za ta yi laushi ta kwashi duk dattin da ta samu. Ta biyu kuma ita ce zubar da man da kamfani ya sa a cika tiyon da ruwa. Ruwa ya fi mai tsinkewa, don haka hannun birki yana saurin dawowa, yatsa ba ya saurin gajiya. Abin yana yiwuwa ne saboda birkin tirayal ba ya ɗaukar zafi. A lokacin hunturun Turai sai sun haɗa da maganin hana daskarewa, in ba haka ba ruwan ya zama ƙanƙara ya lalata birkin. Kamfanin da ya ƙera bai yarda da wannan dabara ba, kuma ba a yin ta a birkin faifai.

Yanzu mu faɗi abin da mai birkin rim yake biya. Kaushin nan da aka gurza ba ya dawwama. Roba tana cinye shi, ya koma sulɓi, a sake gurzawa, kuma kowace gurza tana rage kaurin rim har ranar da dole a sayi sabo a sake ɗinke tayar. Rim ɗin da ya bugi bakin dutse ya lotsa, ko ya ɗan karkace, nan take birki zai fara gogawa a wuri ɗaya yana kuskurewa a wani. Laka ko ruwa suna rage masa kaifi, ko da yake gurza mai kyau tana taimakawa ƙwarai. Ga kuma ƙara. Birkin rim da aka gyara sosai yana sakin wata irin ƙara mai ƙarfi duk lokacin da aka taɓa shi, har a ji daga nesa. Mahayin gasa daɗinta yake ji, domin ita ke shaida masa birki ya kama. Amma wanda ke atisaye a unguwa, maƙwabta ba za su gode masa ba, kuma haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Babbar illar dai ita ce wadda muka ambata: ba shi da tsaka-tsaki. Ko dai a sake, ko a ƙulle.

Nan ne birkin faifai yake shigowa da nasa alherin. Yana nesa da laka da ruwan ƙasa tunda a tsakiyar taya yake. Ba ruwansa da ko rim ya lotsa. Ba a gurza komai, rim yana daɗewa. Shiru yake aikinsa idan yana da tsabta. Sannan yana ba yatsa damar yin magana da taya a hankali: ja kaɗan, ƙara kaɗan, sassauta. Ga wanda ke tafe a kan tayar baya kaɗai keken yana gangarawa, ko wanda ya tsaya a kan tayar gaba yana juya bayan keken a iska, wannan lallaɓawa ita ce komai. Ƙulle taya farat ɗaya a irin wannan hali jefar da mutum yake yi. Kamfanin Hope da ke garin Barnoldswick a arewacin Ingila har birkin faifai ya ƙera musamman domin tirayal, wasu kuma suna ɗauko manyan birkunan kekunan gangaren tsauni, irin Shimano Saint ko Magura MT7. Masu ƙaramin ƙarfi sun daɗe suna amfani da Avid BB7, mai faifai amma mai aiki da waya.

Wanda ya fi kowa fito da salon titi a idon duniya shi ne Danny MacAskill, ɗan tsibirin Skye a Sikotilan. A watan Afrilun 2009 aka saki wani gajeren bidiyonsa da aka ɗauka a birnin Edinbura, yana bin saman shingen ƙarfe da keke, yana hawa bango, yana dirowa daga bene-benen matakala. Miliyoyin mutane suka kalla. Abin lura a wasansa shi ne keken ba ya yawan tsayawa. Yana gangarawa, yana juyi, daga wannan dabara ya faɗa waccan. Irin wannan hawa ya fi bukatar birki mai lallaɓawa, shi ya sa kekunan titi masu inci 24 mafi yawansu yanzu faifai ne gaba da baya. MacAskill da kansa yana hawa da MT7, har ya yi aiki da Magura wajen tsara wani hannun birki na yatsa ɗaya mai suna HC3. Matashin da ya ga wannan sai ya ɗauka ai magana ta ƙare, tunda gwanin gwanaye faifai yake sawa. Amma wasan MacAskill daban, wasan mai gasar duwatsu daban, ko da yake suna ɗaya suke amsawa.

Ga inda faifai yake gazawa, kuma a nan nake so mai sauraro ya ƙara kasa kunne. Faifan a jikin cibiyar taya yake ɗaure. Idan birki ya kama shi, cibiya ce ta tsaya. Kafin rim da roba su tsaya, sai ƙarfin ya bi ta siraran wayoyin nan da suka haɗa cibiya da rim. Wayoyin kuwa suna da ɗan miƙewa. A kan titi ba wanda zai ji wannan. Amma mutumin da ke tsaye a kan tayar baya a bakin dutse yana jin tayar tana ɗan rawa gaba da baya, alhali ya matse birki iya matsewa. Ƙara da cewa su kansu takalman birkin suna ɗan motsi a cikin gidansu duk lokacin da nauyi ya sauya daga gaba zuwa baya. Motsin milimita 1 a bakin faifai mai milimita 180, kafin ya isa bakin tayar inci 26 ya kusa zama milimita 4. Kaɗan ne a ido, amma ga wanda tayarsa ke kan tudun da bai fi faɗin tafin hannu ba, yana iya zama bambanci tsakanin tsayuwa da faɗuwa. Ko bai faɗi ba, zuciyarsa ba ta natsu ba, kuma wannan wasa da natsuwar zuciya ake yin sa. Birkin rim ba shi da wannan matsala, domin shi rim ɗin kansa yake riƙewa, bai ratsa ta wayoyi ba.

Akwai kuma maganar rauni. Faifai siririn ƙarfe ne da ke gefen hagu na taya, a fili. Ɗan tirayal yana yawan yin tsallen gefe, ya ɗaga keken gaba ɗaya ya ɗora shi a kan katanga ta gefe. Idan ya kuskure ta ɓangaren hagu, faifan na iya bugun katangar ya lanƙwashe, wasan ranar ya tsaya sai an miƙe shi. Mazaunin birkin a jikin firam shi ma yana shan wuya, domin ƙarfin da ke fizgarsa ta baya yana da yawa kuma a ɗan ƙaramin wuri yake taruwa. An sha ganin firam da ba a ƙarfafa wurin ba ya tsage daga nan. Sannan faifai ba ya shiri da maiƙo ko kaɗan. Ɗigon man sarƙa ya taɓa shi, takalman sun sha, riƙo ya tafi, sau da yawa sai an canza su. Sabbin takalma kuma ba sa kamawa sosai sai an ɗan yi ta ja ana saki sun zauna da faifan.

To me ya sa a keken inci 20 ake ganin faifai da yawa, har a gasa? Lissafin nan ne dai ya juya. Tayar ƙarama ce, ta baya ma a gaskiya rim ɗinta inci 19 ne da roba mai kauri. Faifai mai milimita 160 a jikin irin wannan taya babba ne idan aka gwada da girmanta, don haka riƙonsa ya isa. Wayoyin taya gajeru ne, miƙewarsu kaɗan ce, rawar da muka yi magana a kai ba ta cika damun mahayi ba. Saboda haka a wannan rukuni za ka ga gwanaye a ɓangarorin biyu, wani da faifai gaba da baya, wani da rim, kowa yana cin gasa da nasa.

Idan aka tambaye ni ra'ayina, ba zan ɓoye ba. Tayar gaba da tayar baya ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka ba dole ne su sa birki iri ɗaya ba. Wanda ke hawan inci 26 kuma duwatsu da tsalle daga tayar baya ne wasansa, ya sa birkin rim a baya, ya gurza, ya nemi roba mai kyau, ya haƙura da ƙarar. A gaba kuwa faifai ya fi masa sauƙi, musamman idan yana son ya riƙa gangarawa a kan tayar gaba, sai fa in ya kai matsayin gasa inda ake son gaban ma ya ƙulle nan take kuma ana ƙirga kowane giram na nauyi. Wannan haɗi, faifai a gaba rim a baya, ya daɗe yana yi wa mutane da yawa aiki, kuma ban ga abin da ya tsufar da shi ba. Wanda ke hawan inci 24 a titi, yana son juyi da gangara, faifai gaba da baya, kuma ya sa babba a baya. Mai inci 20 yana da zaɓi, amma in mai koyo ne zan karkata da shi ga faifai, domin lokacin da zai ɓata wajen gurza da daidaita roba gara ya ɓata shi a kan keke yana koyon tsayuwa.

Kafin duk wannan ma, akwai abin da ya riga ya yanke hukunci, wato firam ɗin da ke hannunka. Keken tirayal da yawa mazauni iri ɗaya kawai suke da shi a baya, ko na rim ko na faifai. Idan naka na rim ne, to ka zauna da rim ka gyara shi da kyau. Ina roƙon duk wanda ke saurare, kada ya kai firam ɗin alminiyam wurin mai walda a liƙa masa mazaunin faifai. Irin wannan ƙarfe ana gasa shi ne a masana'anta bayan walda domin ya yi ƙarfi, kuma sabuwar wuta tana kashe wannan ƙarfin a daidai wurin da za a fi bukatarsa. Haka nan kada wani ya ji maganar gurza rim ya je ya ɗauko injin ya hau kan rim ɗin keken hawa na yau da kullum. Rim ɗin tirayal mai faɗi ne, mai kaurin gefe, an yi shi da sanin za a ci wani abu daga jikinsa. Na keken gari siriri ne, idan aka rage shi iskar taya ma tana iya fasa shi. Sai maganar mai. Birkin Magura da na Shimano man ma'adini suke sha, na musamman. Birkin Hope kuwa irin man birkin mota yake sha, wanda ake kira DOT. Ka zuba na mota a cikin Magura ko Shimano, robobin cikinsa za su kumbura su lalace, birkin ya daina aiki. Ka duba abin da aka rubuta a jikin naka kafin ka buɗe kowace kwalba.

Ya kamata kuma mutum ya dubi abin da hannunsa zai iya kaiwa. Birkin da ya fi kowanne tsada, idan tiyonsa ya tsinke ba ka da inda za ka samu wani, ya zama kayan ado. Mai waya, ko na rim ko na faifai, kowane mai gyaran keke zai iya canza masa waya, kuma idan an ɗaura shi daidai ya ishi mai koyo na tsawon lokaci. Ba a fara wannan wasa daga saman katanga. Ana farawa ne a fili, a koyi tsayar da keke wuri ɗaya ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba, sannan ƙananan tsalle, sannan ɗaga tayar gaba. A duk waɗannan matakai, birki mai matsakaicin kuɗi da aka kula da shi ya fi mai tsada da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Don haka matasa masu sha'awar wannan wasa, kowane iri kuka zaɓa, kafin ku hau ku matse birkin baya, ku zauna da nauyinku a kan keken ku jijjiga shi gaba da baya. Idan taya ta zame ko da kaɗan ne, ku sauka ku gyara, kada ku ce bari in gwada sau ɗaya. Ku sa hular kwano, ku kuma nemi fili nesa da hanyar motoci da ta mutane. Iyaye da yayye, ku ma ku taya su dubawa.